Zanen Leza a Kan Katako: Sana'a Ce, ko Danna Maɓalli?

A 'yan shekarun nan, da wuya a watse daga taron karrama ma'aikaci, ko walimar sauka, ko bikin naɗin sarauta a biranen Arewa, ba a miƙa wa wani ɗan faifan katako mai sheƙi ba, ɗauke da sunansa da tambarin ƙungiya da 'yan kalmomin yabo. Rubutun ba na fenti ba ne, ba kuma na tawada ba. Ka shafa shi da yatsa, za ka ji ya ɗan nutse cikin katakon. In sabo ne ma har ƙaurin itace za ka ji. Ƙona shi aka yi, kuma na'urar leza ce ta yi ƙonawar. Yanzu irin wannan zane ya kai ga maƙalin makulli, agogon bango, allon sunan ofis, akwatin turare da tsarabar da ake raba wa 'yan biki.

Galibin kayan nan daga shagunan Kano, Kaduna, Abuja da Legas suke fitowa, amma masu sayensu sun kai har ƙauye. Shi ya sa maganar ta shafi gari irin Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Baure ta masarautar Daura, inda, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, aka gaji sassaƙa kaka da kakanni, ga kuma matasa birjik masu neman abin yi. Tambayoyi uku ne ke gabanmu. Shin wannan aiki sana'a ce ta gaske? Zai kashe wa masassaƙa kasuwa? Kuma matashin da ke bakin iyaka, nesa da birni, zai iya cin abinci da shi?

Yadda haske ke ƙona itace

Duk wanda ya taɓa tara hasken rana da gilashin ƙara girma a kan takarda har ta fara hayaƙi, ya riga ya fahimci rabin aikin. Leza haske ne da aka tilasta wa bin hanya ɗaya ba tare da ya watsu ba, don haka ana iya tara ƙarfinsa duka a ɗigo guda. Wani masani ɗan Amurka, Theodore Maiman, shi ya fara kunna leza a 1960. A 1964 kuma Kumar Patel, ɗan asalin Indiya da ke aiki a Bell Labs, ya ƙera mai amfani da iskar CO2, wadda har yau ita ce ƙashin bayan aikin zane da yankan katako.

Na'urar CO2 akwati ce mai murfi. A bayanta akwai dogon bututun gilashi inda ake samar da hasken, sai madubai uku su karkato shi zuwa wani ɗan gilashi da ke matse shi ya zama ɗigon da bai kai rabin milimita ba. Kan na'urar yana kai-komo bisa umarnin kwamfuta, duk inda ɗigon ya sauka fuskar itacen ta zama hayaƙi, ta bar ɗan rami mai launin ƙasa ko baƙi. Irin wannan na'ura tana farawa daga wat 40 zuwa 150 a shagunan zane. Akwai kuma ƙaramarta mai shuɗin haske, wadda ake kira dayod, yawanci daga wat 5 zuwa 20. Ta fi araha, ta fi sauƙin ɗauka, amma ta fi nawa. Masu arahar duka daga Sin ake kawo su.

Abin lura shi ne iyakar ƙarfinsu. Suna zane a kan fuskar abu, suna yanka siraran falankai da filawud masu kaurin 'yan milimita. Ba sa raraƙe gungume, ba sa fitar da siffa daga kututture. Suna kuma son abu shimfiɗaɗɗe, domin da tazarar gilashi da katako ta canza kaɗan, ɗigon ya baje, zanen ya dusashe.

Ƙona zane ba baƙo ba ne a wurinmu

Kafin a san wutar lantarki, Bahaushe yana zane da zafi. Mai zanen ƙorai yana zaune gaban ɗan murhunsa, ya jera wuƙaƙe da tsinken ƙarfe a cikin garwashi. Ya ɗora ƙwarya a cinya, ya zaro wuƙa ɗaya da ta yi ja, ya ja layi yana juya ƙwaryar da hannun hagu, hayaƙi na tashi. Kafin wuƙar ta huce ya mayar da ita ya zaro 'yar uwarta. Babu takardar da yake kallo. Zanen a kansa yake, hannunsa kuma ya san inda ɓawon ya yi kauri da inda in ya danna zai huda. Haka ake yi wa ludayi da koko da masaki, haka ake yi wa kujera 'yar tsugunno da cokalin itace ado, da wuta kuma ake baƙanta akushi.

Shi kuwa masassaƙi aikinsa daban ne. Da gatari yake saro itace, da gizago yake fitar da siffa, da kurfi yake raraƙe ciki. Turmi da taɓarya, ƙotar fartanya da ta gatari, akushi, allo, gangar jikin kalangu, ƙashin sirdi, duk daga hannunsa suke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da leza za ta iya ƙerawa. Wannan kaɗai ya amsa tambaya ta biyu. Abin da ya rage wa masassaƙa da masu ƙorai kasuwa ya daɗe da shigowa: kwanon sha da langa da roba ne suka kori akushi da ƙwarya daga ɗakunan mata, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, ƙarancin manyan itatuwa kuma ya tsawwala farashi. Leza ba ta cikin waɗannan. Wanda take gogayya da shi kai tsaye shi ne mai rubutun allon shago da fenti da mai yanka hatimi. Ko ƙwarya ma, da yake ba ta da siffa ɗaya tabbatacciya, har yanzu ta fi daɗin zane a hannun mai wuƙa.

Ina gwanintar take?

Masu raina aikin suna cewa kwamfuta ce ke yi, mutum kallo kawai yake. Gaskiya ne cewa hannu ba ya jan layin. Amma wanda ya tsaya a shagon da ake aikin zai ga cewa mutum biyu masu na'ura iri ɗaya ba sa fitar da kaya iri ɗaya.

Na farko, sanin itace. Fari-farin katako mai laushin jijiya shi ya fi nuna zane, domin ƙunar na fita fes a kansa. Katako mai duhu yana haɗiye rubutu. Mai yawan ƙaro ko maiƙo yana zubo da danƙo ya ɓata gefen haruffa. Ɗanye kuwa, ko an yi zanen ya yi kyau, bayan 'yan makonni sai ya bushe ya tanƙware ko ya tsage.

Na biyu, saiti. Abu biyu mai na'ura ke juyawa, ƙarfin haske da gudun kai. Ƙarfi ya yi yawa, haruffa su zama gawayi. Gudu ya yi yawa, zanen ya fito disashe. Gwani ba ya ɗora sabon katako ya saki aiki. Yakan samo guntunsa ya ƙona masa ƙananan murabba'ai a jere, kowane da nasa ƙarfi da gudu, ya duba wanda ya fi kyau, ya rubuta sunan itacen a baya ya rataye a bango. Bangon shagon gwani cike yake da irin waɗannan guntaye, su ne littafin karatunsa.

Na uku, gamawa. Kafin zane sai an goge katako da sanfefa, a wasu lokutan a manna masa takarda mai gam don kada hayaƙi ya yi masa tabo. Bayan zane a share toka da burushi, a sake gogewa, a shafa mai ko banish. Wannan duk aikin kafinta ne, kuma a nan ake gane wanda ya iya da wanda ya sayi na'ura kawai.

Na huɗu, kuma mafi girma, zanen kansa. Manhajoji irin su CorelDraw da LightBurn suna kai umarni ne kawai. Yawancin masu farawa suna sauko da zanen furanni da kambun ganye daga intanet, shi ya sa faifan yabo na Kano da na Legas da na Dubai suka zama fuska ɗaya. Alhali ƙasar nan cike take da zanen da ba a gama kwashewa ba: dagi, aska biyu da aska takwas na wuyan babbar riga, zayyanar allon sauka, adon bangon soro, zanen ƙorai na matan Fulani, adon dukawa a jakar fata. Wanda ya zauna da masu waɗannan sana'o'i ya koyi yadda ake ɗora layi a kan layi, ya biya su haƙƙin zanensu, shi ne zai fitar da abin da mai na'ura a Sin ba zai iya kwaikwaya daga nesa ba. Saboda haka amsar tambaya ta farko ita ce, sana'a ce ga wanda ya san itace kuma yake da zane nasa. Ga wanda ba shi da su, danna maɓalli ne.

Wuta, zafi da ƙura

Yanzu a dawo ga matashin Babban Mutum. Cikas na farko shi ne lantarki. Bututun CO2 ba ya mayar da fiye da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na wutar da ya sha zuwa haske, sauran zafi ne. Idan aka haɗa na'urar sanyaya ruwa, da fankar fitar da hayaƙi, da famfon iska, matsakaiciyar na'ura tana iya cin kilowat ɗaya ko fiye. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kuwa sau da yawa asarar katakon ke nan. Janareta mafita ce mai tsada tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Ita kuwa ƙaramar dayod mai wat 10 ba ta shan wutar da ta kai wat 100, don haka faifan sola da batir da inbata irin na mai cajin waya za su iya ɗaukar ta. A ƙauye wannan bambanci ne babba.

Na biyu, zafi. Bututun gilashi ruwa ke sanyaya shi, ana kuma so ruwan ya zauna a wajen digiri 20 zuwa 25. A ƙasar Daura, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana na haura digiri 40. Bokitin ruwa da ɗan famfo, wanda ke isar mai na'ura a Turai, a nan ba zai yi ba. Ruwa ya yi zafi, ƙarfin haske ya ragu, bututu ya mutu kafin lokacinsa, sabo kuma sai an yi oda, ga shi gilashi ne da zai bi doguwar hanya a mota.

Na uku, ƙurar hunturu. Ƙura ta hau madubi ko gilashin tattara haske, sai ta sha zafi ta ƙone a kansa, har ta tsaga shi. Shagon leza a Arewa yana bukatar ƙofa mai rufuwa da goge madubai a kai a kai.

Sai lafiyar mai aikin. Katakon MDF da filawud da gam aka haɗa su, hayaƙinsu na ɗauke da sinadarai masu cutar da huhu, don haka dole a ja bututun hayaƙi zuwa waje. Robar PVC, wadda ake yin yawancin fatar kanti da ita, haramun ce a cikin na'urar, domin tana fitar da iska mai guba da ke cin huhu tana kuma tsatsar da ƙarfe. Dayod marar murfi tana iya makantar da ido cikin ƙiftawa, ko da hasken daga wani ƙarfe ya dawo, saboda haka tabarau na musamman wajibi ne, yara kuma a nisanta su. Sannan ba a barin na'ura tana aiki a fita sallah ko shan shayi. Wuta ce a kan busasshen itace.

Ga kuma kuɗi. Ƙaramar na'ura ɗaruruwan daloli ce, babbar kuwa dubbai. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kowane madubi da bel da bututu da dala ake sayensa.

Daga ina itacen zai fito?

Masassaƙin gargajiya ya san itatuwansa: ƙirya don turmi saboda taurinta, aduwa don allo, maɗaci don kayan da ake so su daɗe. Manyansu sun yi ƙaranci a yankin nan. Katsina na cikin jihohi 11 da ke bakin hamada waɗanda shirin Babbar Katangar Itatuwa, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa. Darasin madobiya kuma bai tsufa ba. An yi ta sare ta a Taraba da maƙwabtanta ana lodi zuwa Sin, har aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido daga 2016, aka kuma dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018.

A wannan fuska leza tana da abin yabo, domin cinta kaɗan ne. Guntayen da kafinta ke zubarwa ko a kai murhu, su ne maƙalin makulli da tsarabar biki. Reshen darbejiya da aka sassabe, in ya bushe aka yanka shi fala-fala, kayan aiki ne. Darbejiya 'yar uwar maɗaci ce, ga saurin girma, in an sare ta kuma tana tohowa. Wanda ke son falanki da filawud kuwa, kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano tana nan, hanyar da ta bi ta Babura ta kai shi. Kuma ba sai an je nesa ba don ganin cewa itace na dawowa idan an kula da shi. A ƙetaren iyaka, a Magarya da Matamaye da Mirya, manoma sun cika gonakinsu da gawo ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa su raine shi. An ƙiyasta cewa tun tsakiyar shekarun 1980 wannan dabara ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Wa zai saya?

A nan ne mafi yawan masu farawa ke tuntuɓe, su sayi na'ura kafin su nemi mai saye. Leza tana cin riba ne a maimaici: zane ɗaya, guda hamsin ko ɗari. Mai zuwa ya ce, “Malam, suna ɗaya kawai za ka rubuta mini,” ba zai biya kuɗin batir ba. Masu odar da yawa su ne makarantu da Islamiyyu a lokacin yaye ɗalibai, ƙungiyoyi, masu biki, 'yan siyasa, da ofisoshi. Garin Daura na da irin waɗannan: ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disambar 2019, ga fadar sarki da naɗe-naɗenta, ga baƙin da ke zuwa ganin rijiyar Kusugu da hawan Sallar Gani, waɗanda za su so su koma da tsarabar da ta nuna inda suka je. Kayan kuma marasa nauyi ne, ana tallarsu a WhatsApp a aika da su ta tasha, don haka zama a ƙauye bai hana ciniki da birni ba.

Babban Mutum na da wata dama da Kano ba ta da ita, wato iyaka. Magarya na kusa, Damagaram na gaba, mutanen kuma 'yan uwa ne, harshe ɗaya. Wanda ya iya shirya rubutu da Hausa da Faransanci da ajami ya buɗe wa kansa kasuwar sefa. Sai dai kada ya jingina duk jarinsa a can, domin an rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Amanar rubutun Larabci

Babban kaso na odar da za a kawo ayoyi ne da addu'o'i da sunayen Allah, kuma nan wurin taka-tsantsan ne. Wasu manhajojin zane ba su san rubutu daga dama zuwa hagu ba, sai su raba haruffan Larabci ko su juya su. Wanda bai yi karatu ba zai ƙona kuskuren a kan faifai ɗari bai sani ba, ƙuna kuwa ba ta gogewa. Ga kuma bambancin rubutu. Almajirin tsangaya da ya tashi da Warshu ya saba da fa'un mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, haruffan kwamfuta kuwa na gabas ne. Sannan faifan da ya lalace alhali yana ɗauke da aya ba a jefa shi bola. Allon karatu ma ba na leza ba ne, tunda amfaninsa a rubuta, a haddace, a wanke. Sai dai allon ado na tunawa da sauka.

Hanyar da ta dace ita ce wadda Kano ta bi da injin ɗab'i. Da inji ya zo, ba a watsar da marubuta ba. An ɗauki hoton abin da gwanaye irin Sharif Bala Gabari suka rubuta da hannu aka buga, rubutunsu ya shiga makarantun allo ko'ina. Haka ya kamata a yi a nan: alaramma ya rubuta da alƙalaminsa, a ɗauki hoton, ya duba kafin a ƙona, a kuma biya shi.

Hukunci

Mun riga mun ga irin wannan sauyi a ɗinki. Injin surfani na kwamfuta ya mamaye kasuwar masu ƙaramin ƙarfi, amma har yau riga mai aikin hannu da hular zanna ta allura su ne masu tsada. Zanen leza ma haka zai kasance: zai ɗauki aikin maimaici da na gaggawa, aikin hannu ya riƙe darajarsa.

Ga matashin da ke sha'awa, shawara ita ce ya fara da koyo, ba da saye ba. Ya yi watanni a shagon da ake aikin, ya zauna da kafinta ya san katako, ya tattara oda yana kaiwa birni ana yi masa har ya ga kasuwar ta tsaya, sannan ya sayi ƙaramar na'urar da sola za ta ɗauka. Kada ya ci bashin babbar na'ura don ya ga wani ya yi. Hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka: masassaƙi ya sassaƙa akushi da allo da kujera, mai zayyana ya ba da zane, mai na'ura ya ƙona suna, kowa ya ci rabonsa. Hukumomi da masu hali da ke raba kayan sana'a su ma su gane cewa na'ura ba tare da horo da wuta da kayan gyara ba, kaya ne da za su ƙare a lungun ɗaki. A fara koya wa yaran itace da zane, na'urar ta biyo baya.